Bayani A Kan Ɗaura Wa Keke Injin Lantarki, Da Ribarsa Da Hasararsa

Zuwa ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, da dillalai, da masu awo, da 'yan dako, na Mai'aduwa da Daura da Zango da Baure da Sandamu, har da baƙinmu na Matamaye da Magarya da Damagaram masu shigo mana ran Lahadi. 

Ku sani yau ba maganar gero ko wake muka zo da ita ba. Tun ran da aka fara ganin yaron gidanmu yana wucewa a kan keke, ba ya taka feda, ba kuwa ƙarar inji, mutane ba su bar mu mun huta ba. Wani ya tare mu a bakin masallaci, wani a rumfa, wani ya bugo waya: "Alhaji, nawa ka kashe? Alhaji, in sayar da babur ɗina in yi irin naka?" To, maimakon mu riƙa amsa wa kowa ɗai-ɗai, sai muka ga gara mu rubuta a nan kowa ya karanta, watau abin da muka gani da idonmu, da abin da ya ci kuɗinmu, da abin da ya kusa cin ran yaronmu. Kan maganar ke nan: abin yana da amfani, amma ba ga kowa ba. Kuma wanda ya saye shi da ido, bai ɗora a sikeli ba, ya sayi buhu ne bai soka ba.

Dalilin da ya kai mu

Kowa ya sani dillalin hatsi ƙafarsa ce jarinsa. Yau yana wannan ƙauye ya dubo abin da ke cikin rumbu, gobe yana wancan ya ɗebo samfur, jibi ya komo ya gaya wa maigida farashi. La'adarsa kuwa 'yar kaɗan ce a kan buhu. Sa'ad da mai yake da araha, ba wanda ke lissafin abin da babur ya sha. Amma mu mutanen bakin iyaka mun riga kowa ɗanɗana tsadarsa. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, kana a watan Nuwamba na wannan shekara hukumar kwastan ta hana a kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda ke zaune tsakanin nan da Kwangwalam bai manta da wannan lokaci ba, sa'ad da galan ɗin 'yan bunburutu ya zama shi ne gidan mai.

Sa'an nan ran 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai. Litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta wuce ₦600, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce ₦1,000. A nan ne muka zauna da littafi, muka ga abin da muke ba yaronmu na mai da na acaɓa a wata ya fara yi wa ribar rumfa illa. Shi yaron ɗan ƙanenmu ne, shi ke yi mana yawon ƙauye. Shi ne ya zo mana da hoto a waya, ya ce, "Baba, ga abin da ake yi a wasu ƙasashe. Keken nan nawa za a ɗaura wa inji da batir, ba ruwansa da fetur."

Da fari mun ɗauka wasan yara ne. Ashe abin ya girme mu duka. Tun 1895 wani mutumin Amurka mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai injin lantarki a cikin tayar baya, watau shekara takwas kafin Turawa su ci Kano. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne nauyin batir, har sai da kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyom a 1991, irin wanda ke cikin wayoyinmu. A ƙasar Sin kekunan lantarki sun wuce miliyan 300, kuma daga can yawancin kayan da ake kawo mana suke fitowa.

Wane keke ne ya dace

Mu da muka tashi da Raleigh, wanda har ma'aikatarsa aka yi a Kano, da Phoenix na Sin, da Hero na Indiya, mun san keken ƙarfe mai ɗaukar wahala. Amma tayarsu siririya ce, da ta shiga rairayi sai ta nutse, birkinsu kuma na tafiyar ƙafa ne, ba na gudun inji ba. Keken yaronmu kuwa irin na gwanjo ne mai giya, mai faɗin taya da gurza-gurza, wanda Turawa ke kira keken hawan dutse. A Kalifoniya ta Amurka aka ƙago shi cikin shekarun 1970, don gangarowa daga tsaunuka. Mu a nan ba mu da tsauni, amma muna da yashi, kuma faɗin tayar da aka yi don dutse shi ne ke hana nutsewa a hanyar gona. Giyarsa kuma tana taimako ran da batir ya ƙare a daji, gama a ran nan ƙafa ce za ta kawo mutum gida.

Kafin a taɓa keke, a ɗauko maganaɗisu a manna a jikinsa, da gaba da baya, musamman 'yan kunnuwan nan biyu inda taya ke zama a ɗaure ta da noti. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, alminiyam ne, irin na tukunyar sanholo. Bambancinsu shi ne ƙarfe yakan lanƙwashe ya yi wa mutum gargaɗi, alminiyam kuwa karyewa yake yi farat ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Injin da iri-irinsa

Inji iri biyu ne. Na ɗaya yana zaune a cibiyar taya, kamar faranti mai kauri, ana sayar da shi haɗe da tayarsa, sai a cire ta keke a sa ta. A cikinsa akwai naɗin wayar jan ƙarfe da jerin maganaɗisu, in wuta ta bi ta wayar sai su tunkuɗi juna taya ta juya. Shi ya fi araha, ya fi sauƙin ɗaurawa, kuma ko sarƙa ta tsinke yana tafiya. Na biyu ana ɗaura shi a gindin feda, yana jan sarƙa yana cin moriyar giyar keke. Kamfanin Bafang na Sin ya yi suna a kansa. Ya fi ƙarfi a hawa da yashi mai zurfi, amma ya fi tsada, kuma yana cinye sarƙa da haƙoran giya, balle a ƙasarmu da ƙura ke shiga ko'ina.

Ana auna ƙarfin inji da abin da ake kira wat. Akwai na 250, da 500, da 750, da 1,000 har sama. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce in ana so a kira shi keke, kada injin ya wuce wat 250, kuma ya daina turawa da an kai gudun kilomita 25 a awa. A Amurka an yarda har 750. Waɗannan mutane titinsu shimfiɗaɗɗe ne, asibitinsu kusa, amma duk da haka suka ja layi. Mu kuwa da muka je saye, sai muka ce a ba mu wanda ya fi kowanne ƙarfi.

Ban da inji, akwai wani ɗan akwati mai sarrafa wuta tsakanin batir da inji, da totur a hannun dama kamar na babur, da hannuwan birki masu yanke wuta da zarar an matsa. Kada a yarda mai haɗawa ya bar waɗannan hannuwan birki a leda don ƙyuya, domin su ne ke hana inji turawa sa'ad da kake son tsayawa.

Batir, inda kuɗin yake

Nan ne muke so dillalai su buɗe kunne, gama rabin kuɗin ko fiye a batir yake, kuma a nan algus ɗin yake. A jikin kowane batir akwai lamba biyu. Ta ɗaya bolt, yawanci 36 ko 48, ita ce ƙarfin tunkuɗar wuta. Ta biyu ana rubuta ta da haruffan Ah, ita ce faɗin cikinsa. In ka ninka wannan da wancan sai ka sami wat-awa, shi ne ainihin awon abin da ke ciki, kamar yadda muke cewa buhu tiya 40 ne. Misali, 48 sau 10 ya ba da wat-awa 480.

Keke mai ɗauke da mutum ɗaya a kan kwalta, yana ɗan taimakawa da feda, yakan ci wat-awa 10 zuwa 15 a kilomita. A cikin yashi da kaya a kariya yakan ci 20 ko fiye. Ke nan batirin 480 zai yi kilomita 30 zuwa 40 a titi, a hanyar ƙauye kuwa 20 da 'yan kai. Duk wanda ya ce maka wannan batir zai kai ka Katsina ka komo, ka tambaye shi ko ya taɓa hawa.

To, ta yaya za a san lambar da aka rubuta gaskiya ce? A cikin batirin akwai ƙananan ƙwayoyi kamar na tocila, waɗanda aka fi sani ana ce musu 18650, watau kaurin milimita 18, tsawon 65. Kowace ƙwaya mai kyau nauyinta giram 45 ne zuwa 50. Ana jera 13 don a sami bolt 48, a yi layi huɗu a sami Ah 10, ƙwaya 52 ke nan. In ka haɗa da kwalinsa da wayoyi, nauyi ya kai kilo 3 ko ya ɗara. Ƙa'idar da muka riƙe ita ce, kilo ɗaya na batirin litiyom mai gaskiya bai cika wuce wat-awa 200 ba. Kuma ƙwaya mai kyau ta wannan girma ba ta cika wuce 3,500 a ƙaramin awonsu, saboda haka in ka ga an rubuta 9,900 a jikinta, ƙarya ce tsagwaronta.

Mu ba mu san wannan ba sai da aka cuce mu. Wani mai shago a birni ya sayar mana da batir an rubuta bolt 48, Ah 20, ya rantse zai yi kilomita 70. Ran farko yaro bai cika 25 ba ya mutu masa a hanya, ya komo yana turawa bayan isha'i. Da gari ya waye muka ɗora batirin a sikelin da muke auna wake, sai ga kilo biyu da rabi. Wat-awa 960 a cikin kilo biyu da rabi! Da aka buɗe, sai ga tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta, kala-kala, an sake musu riga. Kun san mai zuba tsakuwa a gindin buhu ya sa mai kyau a baki, to ɗan'uwansa ne. Muka mayar, aka yi ta ja-in-ja, da ƙyar muka karɓi rabin kuɗinmu. Mu da muka yi shekara talatin ba mu sayen buhu sai mun soka mun auna, ga shi an sayar mana da leda mai sheƙi.

Akwai kuma batirin darma, irin na babur da na inbata. Ya fi araha nesa ba kusa ba, ana samunsa a ko'ina, amma guda huɗu masu bolt 12 da za a jera nauyinsu ya kai kilo 15 ko 16, watau ka ɗora wa keke tiya shida na gero tun ba ka ɗauki kaya ba. Kuma ba ya jure caji kamar litiyom. Na darma yakan gaji bayan caji wajen 300, litiyom mai kyau yakan yi 500 zuwa 800 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai.

Ranar da tayar gaba ta fita

Yanzu sai mu komo kan maganar maganaɗisu. Injin da muka saya na wat 1,000 ne, kuma mai gyaran keken da ya haɗa mana ya sa shi a tayar gaba, don ya fi sauƙi, ba sai an taɓa giya ba. Ya dai ce mana, "Alhaji, injin nan ya yi wa keken nan yawa." Muka ce ya ɗaura kawai, ai kuɗinmu muka biya. Laifin namu ne, ba nasa ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, sa'ad da inji ke juya taya gaba, sandar da ke tsakiyarsa tana murɗawa baya da irin wannan ƙarfi. Ba abin da ke riƙe da ita sai 'yan kunnuwan nan biyu, kuma na keken yaronmu na gaba alminiyam ne. Kullum aka murɗa totur tana ɗan cin su, ba wanda ya lura. Bayan mako uku, wata ran Asabar da yamma, yaro ya taso daga ƙauye da rabin buhun wake a kariya yana sauri ya riski jajibirin kasuwa. Ya fito daga yashi zai hau kwalta, ya murɗa totur gaba ɗaya, sai kunne ɗaya ya ɓalle, taya ta fita, ya kifa ta kan keke. Allah ya kiyaye ba mota a bayansa. Ya karye a wuyan hannu, fuska ta kurje, wake ya watse a titi awaki suka yi biki. Wata biyu yana ɗaure, ga kuɗin magani, ga yawon ƙauye ya tsaya daidai lokacin kaka, sa'ad da ake tara kaya. Da muka je gaishe shi gidan ƙanenmu, uwarsa ba ta ce mana kome ba ban da "Sannu da zuwa, Yaya," amma shirun nata ya ishe mu.

Bayan ya warke, shi da kansa ya ce a sake gwadawa. Wannan karo muka saurari masu sani. Aka sa inji na wat 500 a tayar baya. Aka sa mai walda ya yanko ƙarfe mai kauri, ya huda shi daidai siffar sandar inji, aka ɗaure shi a jikin keke da noti ta gefe biyu, shi ke hana sandar murɗawa. Aka sauya birki aka sa mai faifai. Aka ɗaure batir a tsakiyar keke, ƙasa da sirdi, ba a kan kariya ba, don kada nauyi ya taru a baya kan keke ya riƙa rawa. Daga ran nan har yau ba mu sake ganin ɓacin rana ba, ban da faci.

Faci kuwa sai an yi shiri, gama ƙasarmu ta ƙaya ce, ga aduwar da garin ya ci sunanta. Tayar da ke da inji ba ta fita da sauƙi, sai an zare wayar wuta an kwance manyan noti. Saboda haka sifana da famfo da kayan faci ba sa rabuwa da yaro, kuma ya koyi fito da tiyub ta gefe ya liƙe ba tare da ya cire taya ba. Wayoyin taya kuma ana duba su kowane mako, domin nauyin inji yana sassauta su.

Caji da haɗarin gobara

Batirin bolt 48 idan ya cika yana kai 54.6, na 36 kuwa 42. Kowanne da cajarsa, ba a yi musu aro. Caja ƙarama takan cika batirin Ah 10 cikin awa biyar ko shida. Wutar KEDCO kun san halinta, kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Saboda haka wanda ba shi da sola a gida, ko bai shirya da mai shagon caji ba, kada ya fara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai babbar magana. Batirin litiyom in ya kama wuta ba kamar itace yake ba. Tashi yake yi da tartsatsi da hayaƙi mai guba, a kashe ya sake tashi. A birnin Niyok na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 daga irin waɗannan batura, mutum 18 suka rasu. Can akwai motocin kashe gobara a kowace unguwa. Mu fa, da sito cike da hatsi, da buhunan leda, da rumfunan zana, da jarkokin fetur a maƙwabta?

Don haka ga abin da muka ɗora wa gidanmu. Ba a caji a cikin sito, ko a ɗakin da yara ke kwana, ko a bakin ƙofa inda in wuta ta tashi za ta tare hanya. Ba a barin batir a caji a tafi barci. Ba a sa shi a caji yana da zafi daga tafiya, sai ya huce, kuma a inuwa, gama masu yin batir sun ce kada a yi caji in zafinsa ya wuce digiri 45, mu kuwa a bazara inuwa ma tana wuce 40. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya fashe, ko ruwa ya shige shi, ko yana wari, a fitar da shi fili nesa da kaya. Kuma a tabbata akwai ɗan allon nan mai tsaron ƙwayoyi a cikinsa, mai yanke wuta in ya cika, da fiyus a kan waya. In kuwa abin ya faru, a fara fitar da mutane, a yanke wuta, sa'an nan a kwarara ruwa mai yawa daga nesa. Da damina kada a kutsa da keken cikin ruwan da ya kai cibiyar taya.

Lissafi

Ga abin da littafinmu ya nuna, kowa ya sa farashin ranar da yake karatu a madadin namu. A ƙarshen 2024, inji da kayansa da batir mai gaskiya da birki da ladan aiki sun ci mana wajen ₦550,000, kuɗin buhun gero bakwai ko takwas a lokacin, ban da keken kansa, ban da hasarar farko.

Mu ɗauka mutum yana yin kilomita 40 a yini. Babur zai sha masa wajen lita ɗaya, a ce ₦1,000. Batir kuwa rabin yunit na wuta yake ci da ɗan ɗori. Ko da kuɗin wuta mafi tsada da hukuma ta yanka a watan Afrilu na 2024, watau ₦225 a yunit, cajin bai kai ₦150 ba. A shagon caji ka ce ₦200 ko ₦300. Ragowar da ta shigo aljihu wajen ₦750 ce a yini. In an fita kwana 300 a shekara, ₦225,000 ke nan. To, ₦550,000 ba za ta dawo ba sai bayan shekara biyu da kusan rabi, kuma a daidai lokacin ne batir zai fara gajiya ya nemi sabo. In mai ya sauko kuwa, kwanakin sai su ƙara tsawo.

Kun ga ke nan amsar mai tambaya ko ya sayar da babur. Kada ka sayar. Babur yana ɗaukar buhu mai kilo 100, ya ɗauki mutum biyu, ya je Maigatari ran Alhamis ya komo, kuma kowane ƙauye akwai mai gyaransa. Keke mai batir ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Iyakar abin da muke yarda yaro ya ɗora tiya goma ne.

Amma akwai wanda lissafin ya yi masa daɗi. Shi ne wanda ba shi da babur, ba kuwa halin saye, tun da sabon babur ya haura miliyan a 2024, kuma kullum yana kashe ₦2,000 ko ₦3,000 a acaɓa. Wannan cikin shekara ɗaya kuɗinsa zai fito. Haka ƙaramin dillali mai zagaya ƙauyukan kusa da samfur a aljihu, da mai kai saƙon kuɗin awo, da malamin makarantar da ke koyarwa a ƙauye yana kwana a gari, da dattijon da gwiwa ta fara gardama da feda. Ribar da muka fi gani ba ma ta mai ba ce. Da, yaro ƙauye biyu yake zagawa a keke ya komo a jigace, yanzu yana yin huɗu ya komo kafin la'asar. Kuma ba ya tsallake ƙauye don tsoron kuɗin mai. Kun sani a sana'armu wanda ya riga jin farashi shi ya riga cin riba.

Nasiha ta ƙarshe

Wanda ya yi niyya, ga abin da za mu ce masa a matsayin ɗan'uwa. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa jarin kaka. Ka tafi da sikeli da maganaɗisu, kada ka ji kunya, ba wanda ya taɓa jin kunyar soka buhu. Ka yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida, a rubuce, cewa in batir bai yi nisan da ya faɗa ba za a mayar. Ka tambaya ko akwai caja da akwatin wuta na sauyi in naka ya ƙone, domin kayan da ba su da safaya jari ne matacce. Kada ka wuce wat 500, ka sa a baya, ka sa ƙarfen riƙo. Ka sayi hular kwano da fitila mai haske, kuma ka sa ƙararrawa, gama keken ba shi da ƙara, mai tafiya a ƙasa da dabba ba sa jin zuwansa, balle ran Lahadi da hanya ke cike da shanu da raƙuma. Batirin kuma a riƙa cire shi a shiga da shi rumfa, don shi ɓarawo ke nema.

Ga masu gyaran keke da masu haɗa sola na garinmu kuwa, muna ganin akwai abinci a nan ga wanda ya koyi aikin da gaskiya. Amma mai haɗa batir ya tuna abin da ya naɗe a leda zai kwana a gidan mutane ne, kusa da 'ya'yansu. In kuma wani Alhaji ya zo ya ce a ɗaura masa injin da ya fi ƙarfin kekensa, a ƙi, ko da zai yi fushi. Da namu ya ƙi, da hannun yaronmu bai karye ba.

Wanda yake son gani da ido, keken yana jingine a bayan rumfarmu kowace Lahadi bayan azahar. A zo a duba, a ɗaga a ji nauyi, ba ma karɓar la'ada a kan wannan. Allah ya tsare mu da algus, ya kiyaye hanya, ya sa albarka a cikin nema. Wassalam.